Yadda Ake Amfani da Kwamfutar Hannu Wajen Gane Hanya a Kan Ruwa Ranar da Ido Ya Gaza

Matuƙin da ya saba da Tafkin Kainji ba ya neman taswira. Idan ya taso daga Yauri ya san inda zai saki gaɓa, ya san dutsen da zai sa a gaba, ya san launin ruwan da ke nuna akwai yashi a ƙasa. Sai dai duk wannan ilimi a kan ido ya rataya. Ranar da hazon hunturu ya sauka a Disamba ko Janairu, gaɓa ta ɓace, dutsen ya ɓace, sama da ruwa suka haɗe suka zama fari ɗaya, gwanin da ya tsufa a ruwa yana iya yin ta kewaye a tsakiyar tafki har mai ya ƙare, shi kuwa a ganinsa miƙe yake tafiya. Haka abin yake idan hadari ya taso da la'asar, ko inji ya ɓata lokaci har duhu ya riski jirgi. Tafkin kuwa ba ƙarami ba ne. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 130, kuma a wurin da ya fi buɗewa faɗinsa ya haura kilomita 20.

Saboda irin wannan rana ake ajiye kwamfutar hannu a jirgi, wadda 'yan kasuwa ke kira tabilet. Ba ita ce matuƙi ba. Aikinta shi ne ta gaya maka inda kake da inda ka biyo a lokacin da ba ka ganin komai. Amma ka riƙe wannan tun daga farko: taswirar da ke zuwa a cikin manhaja ba ta san ruwanmu ba. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohon garin Bussa da ƙauyuka da gonaki da dazuzzuka, aka tashi mutane sama da 40,000. Kututturan itatuwan nan da duwatsun nan suna ƙarƙashin ruwa har gobe, kuma ba za ka gan su a allo ba. Masu ƙetare Tafkin Volta a Ghana, tsakanin Yeji da Makango, sun san wannan matsala ta kututture sarai. Don haka abin da zai amfane ka a cikin kwamfutar shi ne sawu, wato layin da take zanawa na hanyar da jirgi ya bi, wanda kai da kanka ka ɗauka da rana tsaka, a hanyar da aka tabbatar da lafiyarta. Duk sauran matakan da ke ƙasa hidima suke yi wa wannan sawu.

Mataki na 1: Tabbatar akwai GPS na gaskiya a cikinta

Mutane da yawa suna zaton sai da data ake ganin inda mutum yake a taswira. Ba haka ba ne. GPS taurarin ɗan'adam ne na Amurka da ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200 daga ƙasa, suna watsa saƙo kyauta dare da rana. Na'urarka saurare kawai take yi. Da zarar ta ji huɗu daga cikinsu, za ta lissafa inda take, babu ruwanta da layi ko sabis. Rasha tana da nata tsarin mai suna GLONASS, Turai tana da Galileo, China tana da BeiDou, kuma sababbin na'urori suna sauraren biyu ko uku ko duka a lokaci guda, abin da ke sa su kama da wuri.

Matsalar ita ce ba kowace kwamfutar hannu aka sa wa wannan kunne ba. iPad mai Wi-Fi kaɗai ba ta da GPS. A cikin gari za ta nuna maka unguwarku daidai, saboda tana kintata wuri daga Wi-Fi ɗin maƙwabta, amma kana nisa da gaɓa sai ta makance. Wadda ke da ramin sim ita ce mai GPS, kuma tana aiki ko ba a sa mata sim ba. A ɓangaren Android, da yawa suna da shi ko da ba sa ɗaukar sim, wasu masu araha kuma babu. Kada ka dogara da abin da aka rubuta a kwali ko abin da mai shago ya ce. Gwada da hannunka.

Ga yadda ake gwajin. Sauke wata ƙaramar manhajar Android mai suna GPSTest. Cire sim, kashe Wi-Fi, sa na'urar a yanayin jirgin sama, ka bar wurin nuna matsayi a kunne. Fita fili inda babu rufin kwano ko inuwar bene, ka riƙe ta a tafin hannu. Karon farko tana iya ɗaukar mintuna, wani lokaci har fiye da 10, domin ba ta da intanet da za ta tambayi inda taurarin suke, sai ta jira ta ji daga gare su. Idan ta kama, za ka ga yawan taurarin da take ji da kuma girman kuskuren da take zato. Mita 3 zuwa 8 a fili ya yi. Idan rabin awa ya wuce babu ko ɗaya, wannan ba ta jirgi ba ce, sai dai a haɗa ta da ƙaramin GPS na waje ta Bluetooth, irin su Garmin GLO. Yana aiki da kyau, amma ka ƙara wa kanka wani abin caji da wani abin da zai iya faɗawa ruwa.

Allo mai inci 8 ya fi dacewa da kwalekwale da ƙananan jirage. Mai inci 10 ya fi daɗin kallo, amma ya fi cin wuta da wuyar ajiya. Kafin ka biya kuɗi, fito da ita rana ka ƙure haskenta ka ga ko ana iya karantawa.

Mataki na 2: Manhaja da taswirar da ke zaune a ciki

Idan a teku kake aiki, wajen Legas ko Tema ko Port Sudan, akwai taswirorin ruwa na ainihi masu nuna zurfi da duwatsu da fitilun hanya. Navionics ta kamfanin Garmin ita ce aka fi sani, ana biyan kuɗinta shekara-shekara. Akwai kuma OpenCPN. Wanda jirginsa ke da babbar na'urar nuna hanya a manne, sai ya sa irin wannan a kwamfutar hannu ta zama ta ko-ta-kwana, da sharaɗin kada su sha wuta daga batir ɗaya, don abin da ya kashe ta farko kada ya tafi da ta biyu.

A Kogin Kwara da Binuwai da tafkunanmu kuwa, yawanci abin da za ka gani shuɗin fili ne kawai da zanen gaɓa. Saboda haka manhajar da kake nema ita ce mai yin abu huɗu ba tare da intanet ba: ta ajiye taswira a ciki, ta ɗauki sawu, ta bari ka dasa alama da suna, ta kuma fitar da su a fayil mai suna GPX wanda kusan kowace manhajar hanya ke karantawa. OsmAnd tana yin duka huɗun, kuma ni ita nake ba da shawara a fara da ita. Organic Maps ta fi sauƙin koyo amma kayan aikinta kaɗan ne. Google Maps don tituna aka yi ta, kuma idan ka sauke yanki don amfani ba intanet, hoton tauraron ɗan'adam ba ya biyowa.

A gida, inda akwai sabis mai ƙarfi, sauke taswirar yankin da kake aiki. Mai aiki a kan iyaka, kamar tsakanin Gaya da Malanville, ya sauke ta ƙasashen biyu ko ukun. Sannan sa yanayin jirgin sama, ka buɗe manhajar ka matso da hoton wuraren da kake zuwa, ka tabbatar ba su koma farin fili ba. Sai gyare-gyare guda uku a cikin saiti. Ba manhajar izinin ganin matsayi a kowane lokaci, ba sai tana buɗe kaɗai ba. Cire ta daga jerin waɗanda na'urar ke kashewa don tattalin batir, domin Android da yawa suna kashe manhaja da zarar allo ya mutu, ka isa gida ka tarar sawunka ya tsaya tun a bakin kwata. Na uku, kashe sabunta manhaja kai tsaye, kada ka wayi gari maɓallan da hannunka ya saba sun sauya wuri.

Mataki na 3: Ɗaukar sawu

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin gaggawa. Zaɓi rana mai haske, ruwa kwance, lodi kaɗan. Idan kai ba gwanin wannan hanya ba ne, nemi wanda ya san ta ya riƙe inji, kai ka riƙe kwamfuta. Sarkawa da Gungawan yankin Yauri sun gaji ruwan nan kaka da kakanni, kuma abin da ke kansu babu kamfanin da ya taɓa zana shi. Ka fara gaida Sarkin Ruwa ka gaya masa abin da kake nufi, kada a ga baƙon abu a hannunka a yi maka wata fassara.

Kunna na'urar tun kana tudu, ka jira ta kama taurari kuskuren ya sauka ƙasa da mita 10. A OsmAnd, abin ɗaukar sawu yana wurin da aka rubuta Trip recording, sai an kunna shi tukuna. Saita shi ya riƙa ajiye ɗigo kowace daƙiƙa 3 zuwa 5. Idan ka bar tazarar ta yi nisa, a wurin da jirgi ya yi kwana don kauce wa dutse, sawun zai yanke kwanar ya zana miƙaƙƙen layi ta kan dutsen, ranar hazo kuma wannan layin za ka bi. Fara ɗauka daga daidai inda ake ɗaure jirgi, kada ka tsayar sai ka ɗaure a wancan gefe.

Kana tafe kana tambaya. "Baba, idan ruwa ya ja, ta nan ake bi?" Wataƙila ya nuna maka da haɓa ya ce a'a, yanzu ne kawai ake ratsawa ta nan, da bazara sai an kewaya ta bayan gungu, kuma can inda ruwan ke ɗan murɗawa akwai tsohuwar tsamiya a ƙasa wadda ta sha karya farfela. Wannan magana ita ce taswirarka. Dasa alama nan take ka sa mata suna.

Wajen dasa alamar haɗari akwai dabara. Ba za ka hau kan kututture don ka yi masa alama ba. Idan kun zo daidai da shi, danna alamar a inda jirginku yake, sannan ka rubuta gefen da abin yake da kimanin nisansa: "Kututture gabas mita 30". Rubuta gabas ko yamma, kada ka rubuta dama ko hagu, domin a dawowa dama ta zama hagu. Sunayen su zama gajeru yadda za a karanta da kallo ɗaya. Ba abin haɗari launin ja, tashoshi da wuraren fakewa launin kore, kada ka ƙara wasu launukan. Ka yi alama a mashigar kowane rafi, da ƙarshen kowane tsibiri, da wuraren da dorina ke zama, da inda masunta suka saba shimfiɗa taru ko mamari, da duk wani lungu da za a iya laɓewa idan iska ta taso. Waɗannan na fakewa su ne aka fi mantawa, alhali ranar hadari su za ka fara nema. Ka kuma lura da wuraren da sabis ɗin waya ke kamawa a tsakiyar ruwa ka sa musu alama.

Sannan batun lokaci. Ruwan Kainji yana hawa da sauka kusan mita 10 a shekara. Farin ruwa na daminar yankinmu yana shigowa daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Baƙin ruwa kuma, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, ba ya isowa sai cikin hunturu. Bayan nan tafki ya riƙa ja har zuwa tsakiyar damina. Hanyar da ka bi lafiya lau a Janairu tana iya zama tudun yashi da kututture a Yuli. Don haka kowane sawu ya ɗauki sunan hanya da wata da shekara, kamar "Zamare-Rofia Janairu 2025". Hanya ɗaya tana bukatar aƙalla sawu biyu, na cikar ruwa da na janyewa. Sawun ƙarancin ruwa galibi yana da aminci a lokacin cika, amma na cika ba shi da aminci a lokacin ƙaranci. A cikin kogi kuwa, inda yashi ke ƙaura bayan kowace ambaliya, sawun bara shawara ce kawai, sai an sake tabbatar da shi.

Maimaita hanyar sau biyu ko uku. Idan layukan suka kwanta kan juna, ka samu hanya. Inda suka rarrabu, tambayi dalili.

Wani abu na amana: idan masunci ya nuna maka inda yake samun giwan ruwa, wannan abincin gidansa ne. Kada ka haɗa shi cikin fayil ɗin da za ka raba wa jama'a. Ware alamomin haɗari daban, su kam a raba wa kowa.

Mataki na 4: Koyi karanta lambobin wuri

Ranar da inji ya mutu, lambobi biyu ne za su kawo maka ɗauki: ta arewa da ta gabas. Ana rubuta su ta hanyoyi daban-daban, kuma nan ake samun ruɗani. Yauri tana wajen digiri 10 da minti 50 a arewa. Idan aka rubuta wannan da ɗigo, 10.83 ne, domin minti 60 ke yin digiri ɗaya. Wanda ya ji "goma da hamsin" a waya ya rubuta 10.50, ya kauce da kusan kilomita 37 zuwa kudu, domin digiri ɗaya kimanin kilomita 111 ne. Saboda haka ku daidaita da mutumin da ke tudu a kan salo ɗaya. Mafi sauƙi shi ne na ɗigo da lambobi huɗu ko biyar bayansa. A tura a rubuce ta saƙon tes, wanda kan fita ko da sabis ya yi rauni, maimakon a karanta da baki cikin ƙarar iska.

Saita ma'aunin nisa a kilomita, gudu kuma kilomita a awa. Masu teku suna amfani da mil na ruwa, wanda yake mita 1,852. Gudun da allo ke nunawa gudu ne a kan ƙasa, ba a cikin ruwa ba. Jirgin da ke yin kilomita 15 a awa a kwantaccen ruwa, idan kogi na gudun kilomita 3, zai yi 18 a gangara, 12 a hawa. Tafiyar kilomita 36 ke nan awa 2 a zuwa, awa 3 a dawowa. Da wannan lissafi ake auna mai: kashi biyu cikin uku na zuwa da dawowa, ɗaya a bar shi a jarka.

Mataki na 5: Ruwa, zafi da wuta

Sayi jakar roba mai hana ruwa shiga wadda ake taɓa allo ta cikinta. Kafin ka amince mata, sa busasshiyar takarda a ciki, rufe, ka danna ta cikin bokitin ruwa da dutse a kai na rabin awa. Idan takardar ta fito da danshi ko kaɗan, mayar wa mai shago. Akwai kwamfutocin da aka ƙera don wahala, irin su Galaxy Tab Active na Samsung, masu lambar IP68, wato ma'aunin jure ƙura da ruwa. Mai IP67, matakin da ke ƙasa da wannan, tana jure nutsewa a zurfin mita 1 na minti 30. Amma duk juriyarta, idan ta sulluɓe a tsakiyar tafki ta tafi. Ɗaura wa jakar igiya a jikin jirgi, ka kuma ɗaura mata gorar roba marar komai mai murfi, don ko igiya ta tsinke ta taso sama.

Jiƙaƙƙen allo ba ya jin yatsa yadda ya kamata, yakan yi ta tsalle shi kaɗai. Ajiye busasshen ƙyalle a leda, kuma ka saita abin da kake son gani tun kafin ruwan sama ya kece.

Zafi ya fi ruwa kashe na'ura a wurinmu. Apple ya ce iPad ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, sauran ma kusan haka suke, alhali a Maris da Afrilu zafin Kebbi da Neja yana haura 40. Ka haɗa rana da rufaffiyar jakar roba da allo a ƙure da caji, cikin ɗan lokaci za ta rage haske da kanta ko ta mutu gaba ɗaya. Ajiye ta a inuwa, ƙarƙashin rumfa ko benci. Bar allo a kashe, sawu na ci gaba da ɗauka, ka kunna kawai idan za ka duba. Idan ta yi zafi, cire caja, fito da ita daga jaka a inuwa iska ta buge ta. Kada ka tsoma ta a ruwa don ta huce.

Tashi da batir cike da kuma fawa banki cike. Mai 20,000 ba ya ba da duka abin da aka rubuta, wajen kashi biyu cikin uku ne ke isa na'ura, wanda zai cika matsakaiciyar kwamfutar hannu sau ɗaya da rabi zuwa biyu. Riƙe wayar caji biyu, domin danshi yana cin bakinsu. Jirgin da ke da batir mai bolt 12 ana iya sa masa cajar mota da fis. Ka nisanta duk abin caji daga jarkar fetur, kada a cusa ko a zare waya a inda ake jin warin mai.

Yanayin jirgin sama yana tsawaita batir sosai, saboda na'urar ta daina wahalar neman sabis. Kuma wannan kwamfuta ta jirgi ce. Idan ta zama ta kallon fim da wasan yara da dare, da safe za a tashi da ita kashi 15.

Mataki na 6: Gwaji kafin bukata

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da rana mai haske, sa wani ya riƙe inji yana kallon gaba, kai kuma ka sunkuya kan allo kana ba shi umarni daga sawu kaɗai: ɗan dama, ya isa, miƙe. Shi yana da ikon ƙin bin maganarka idan ya ga haɗari. Nan za ka gane abubuwan da babu mai koya maka su da baki. Ɗigonka a allo yana ɗan makara, don haka idan ka jira sai ka ga kwana sannan ka juya, ka riga ka wuce. Kibiyar da ke nuna inda ka dosa tana aiki ne idan jirgi na tafiya, da ka tsaya sai ta riƙa juyi. Kamfas ɗin cikin na'ura kuma, wanda manhajar alƙibla ke amfani da shi, inji da ƙarfe suna ruɗa shi. Zaɓi ko taswira ta tsaya arewa a sama, ko ta riƙa juyawa da jirgi. Wajen bin sawu na biyun ya fi sauƙi, tunda dama a allo ita ce dama a ruwa. Wanda ka zaɓa, zauna a kansa.

Koya wa yaron jirgi duk wannan. Matuƙi hannunsa na kan inji, idonsa na kan ruwa, ba shi ne zai riƙa latse-latse ba.

Mataki na 7: Ranar da hazo ya rufe

Abu na farko rage gudu, har yadda idan ka bugi wani abu ba zai fasa jirgi ba. Kowa ya sa rigar ruwa. Sa mutum a goshin jirgi da gora yana auna zurfi, yana saurare. Sannan buɗe sawun da ya dace da wannan wata, ka duba girman kuskuren da na'urar ke nunawa. Idan ya haura mita 20, ko ɗigon ya daskare alhali kuna tafiya, kada ka yarda da shi sai ya daidaita.

Idan kana kan sawu, bi shi. Idan ka riga ka kauce, hanya mafi aminci ita ce ka juya ka bi sawun da ka zana yau ɗin nan, ka koma inda ka rabu da sananniyar hanya, tunda ruwan da ka ratsa ɗazu ka san ya ɗauke ka. Wannan ne ya sa ake kunna ɗaukar sawu a kowace tafiya, ko da sama tana garau. Abin da ba a yi shi ne danna sunan tasha a ce wa manhaja ta kai ka. Miƙaƙƙen layi za ta ja maka, ta kan tsibiri da kututture da komai.

Matso da hoton yadda faɗin allo zai zama mita 300 zuwa 500, lokaci-lokaci ka ja baya ka ga gaba, ka sake matsowa. Hoton da aka ja da nisa yana ɓoye abubuwa. A Nuwamban 2014, jirgin tseren Team Vestas Wind, da ƙwararrun matuƙa da na'urori masu tsada, ya hau kan duwatsun Cargados Carajos a Tekun Indiya da dare, kuma cikin dalilan da bincike ya gano akwai cewa duwatsun ba sa fitowa a allo sai an matso da hoton. Bar tazarar aƙalla mita 30 zuwa 50 tsakaninka da kowace jar alama, domin akwai kuskuren ranar da ka dasa ta, ga kuma na yau. Lura da iska da igiyar ruwa: goshin jirgi yana iya kallon daidai amma ɗigon yana zamewa gefe. Ɗigon za ka gaskata a nan, ka ɗan karkata goshi wajen da iskar ke fitowa.

Idan duhu ya same ku, rage hasken allo zuwa ƙarshe ka sa yanayin dare. Ido yana ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kallo ɗaya na farin allo kuma ya rushe shi. Mai kallon gaba kada ya kalli allo sam.

Idan inji ya mutu, saki anga in zurfin ya ba da dama, dasa alama, ka tura lambobin. In jirgi na tafiya da ruwa, sawun zai nuna inda kuka nufa da saurin da kuke yi, sai ka gaya wa masu zuwa su tare ku a gaba. Idan mutum ya faɗa ruwa, ɗaya ya jefa masa abin da zai riƙe, ɗaya ya kafa masa ido yana nuna shi da hannu, mai kwamfuta kuma ya danna alama nan take.

Kuma akwai lokacin da amsar ita ce a nufi koriyar alama mafi kusa, a ɗaure jirgi a jira gari ya washe. Allo ba ya ganin jirgin da ke tahowa, ko gungumen da ruwa ya ɗauko, ko kainuwar da ta toshe mashiga, ko tarun da aka shimfiɗa jiya. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwan cikin gida ta hana tafiyar dare, kuma mallakar kwamfuta bai ɗage wannan doka ba. Jirgin da ya nutse kusa da Warra a ƙaramar hukumar Ngaski a Mayun 2021, ɗauke da mutane sama da 150, ba ɓatan hanya ya yi ba. Hukumomi sun ɗora abin a kan lodin da ya wuce kima da raunin jirgin. Ina faɗin wannan ne saboda tsoron da nake yi kada na'urar da aka kawo don kariya ta zama abin da ke ƙara wa mutum ƙarfin halin fita a lokacin da da can zai haƙura.

Mataki na 8: Bayan an dawo

Tsayar da ɗauka, sa wa sawun suna tun kana tuna yadda tafiyar ta kasance, ka goge waɗanda ba su da amfani don kada allo ya cika da layuka. Fitar da fayil ɗin GPX ka tura wa wayarka, wadda ita ma ka sa mata manhajar da taswirar, ka ajiye kwafi a memori a gida. Manyan alamomi goma ko ashirin kuma ka kwafe lambobinsu da fensir a ɗan littafi, tare da kusurwar kamfas daga wannan zuwa wancan, ka sa shi a leda da ƙaramin kamfas na hannu. Masu aiki a wuraren da jami'an tsaro ke sintiri, kamar sassan Tafkin Chadi ko kusa da madatsar ruwa, su nemi izini kafin su fara yawo da na'urar ɗaukar wuri.

Goge jakar, buɗe ta ta sha iska, ka duba bakin caji ko ya fara kore. Idan ruwa ya shiga na'urar, kashe ta, kada ka sa mata caji sai ta bushe sarai ko mai gyara ya buɗe ta. Kwamfutar da za ta daɗe a ajiye a bar ta da rabin caji, a kuma kunna ta a fili sau ɗaya a wata ta kama taurari. Duk lokacin da ruwa ya sauya, farkon ja da farkon cika, sake fita da rana tare da wanda ya san hanya ku sabunta sawun.